Yadda Talabijin Ya Bi Wayar Tarho Ya Shiga Gida

Tun daga ranar da aka soma watsa shirye-shirye ta iska, mai tasha ne yake yanka wa mai sauraro lokaci. In an ce labarai ƙarfe bakwai, to, ƙarfe bakwai ne. Wanda ya makara a gona ko a kasuwa sai dai ya ji a bakin maƙwabcinsa. Haka rediyo ya hori mutane, talabijin kuma ya zo ya gaji halin. Yau kuwa yaro yakan kishingiɗa a kan tabarma da waya a hannu, ya zaɓi fim ɗin da ransa yake so, in an aike shi kanti ya tsai da shi, ya komo ya ɗora daga inda ya tsaya, ba ya kuwa ganin wani abin mamaki a ciki. Tsakanin wancan zamani da wannan akwai shekaru wajen ashirin na gwaji da hasara. Manyan kamfanoni na Amurka da Turai da Asiya sun zuba dukiya mai ɗimbin yawa domin su tura hoto mai motsi ta cikin waya zuwa gidajen mutane, yawancin waɗanda suka sha wahalar kuwa ba su ne suka ci ribar ba.

Tunanin aika nishaɗi ta waya ya girmi rediyo kansa. A shekara ta 1881, a wani bikin nuna kayan lantarki a Faris, wani injiniya mai suna Clément Ader ya ja wayoyi daga babban gidan waƙa na birnin, mutane suka yi layi suna kara abin ji a kunne, suna sauraron mawaƙa daga nesa. A 1893 kuma Tivadar Puskás ya buɗe jaridar tarho a Budapest ta ƙasar Hangari, inda ake karanta wa masu biya labarai da farashin kasuwa tun safe har dare. Afirka ta Yamma ma ta ɗanɗani irin wannan. A 1935 aka buɗe tashar ZOY a Akara, a wajen lokacin nan aka soma irinta a Legas, ta kai Kano a 1944. Akwati ake kafa wa mutum a bango, waya ta taso daga tasha ta kawo masa magana, shi kuwa yana biyan kuɗin wata. Amma duka waɗannan murya ce kaɗai, abin da aka ga dama kuma shi ake ba mai sauraro. Ikonsa bai wuce ya ƙara sauti ko ya kashe ba.

Kaset na bidiyo ne ya fara ba mai kallo zaɓi, sai dai zaɓi ne mai haɗe da tattaki. Cikin shekarun 1980 kantunan hayar kaset suka bazu ko'ina a Amurka. Babbansu, Blockbuster, wanda aka buɗe a Dallas a 1985, ya kai ga dubban rassa. Mutum zai tuƙa mota ya je, ya tarar an riga shi ɗaukar fim ɗin da ya zo nema, ya haƙura da wani, in ya makara wajen mayarwa a ci shi tara. Kuɗin wannan haya ya kai biliyoyin daloli kowace shekara, shi ne kuwa ya tsone wa waɗansu ƙattai biyu ido. Na ɗaya kamfanonin tarho bakwai da aka yanko daga jikin AT&T a 1984; suna da waya a kusan kowane gida, amma siririya ce, domin magana aka yi ta. Na biyu kamfanonin talabijin na kebul, masu kakkaurar waya wadda take ɗaukar tashoshi da yawa, amma gaba ɗaya ta sani, daga tasha zuwa gida, ba ta komowa da saƙo. Kowannensu yana hangen akushin ɗan'uwansa. A 1992 hukumar sadarwa ta Amurka ta yarda kamfanonin tarho su ɗauki bidiyo a layukansu. A watan Oktoba na 1993 Bell Atlantic, na tarho, da TCI, wanda ya fi duka kamfanonin kebul girma, suka sanar za su haɗe, cinikin da aka kimanta a kan dala biliyan 33. Jaridu suka cika da zancen tashoshi 500 da za su shiga kowane gida. Kafin ƙarshen Fabrairu na 1994 maganar auren ta watse, tun ba a kai lefe ba.

Tushen wahalar lissafi ne. Kwamfuta ba ta san hoto ba, lamba ta sani. Kome za a ba ta sai an farfasa shi ya zama jerin sifiri da ɗaya, kowane guda kuwa ana ce da shi bit. A talabijin irin na Turai da Afirka, hotuna 25 ne suke wucewa a kowane sakan, ido ya ɗauka motsi ne. In an mai da su lamba yadda suke, ba ragi, suna bukatar bit miliyan 216 a sakan. Na'urar haɗa kwamfuta da layin tarho wadda ta fi sauri a 1994 kuwa, bit 28,800 take iya turawa a sakan. Wato kayan sun ninka abin da hanyar take ɗauka sau 7,500, kamar a ce za a ɗura kogin Kwara cikin bututun famfo. Ba mafita sai a yi abu biyu: a rage kayan, a kuma faɗaɗa hanyar.

Rage kayan aikin wata ƙungiyar masana ce da aka kafa a 1988, bisa jagorancin Leonardo Chiariglione na Italiya da Hiroshi Yasuda na Japan, wadda aka sani da MPEG. Dabararsu ta tsaya a kan abin da kowa zai iya lura da shi. In mai karanta labarai yana zaune a gaban bango, bakinsa da idanunsa ne suke motsi, bangon yana nan yadda yake. Don me za a aika hoton bangon sau 25 a kowane sakan? Sai a aika shi sau ɗaya, sa'an nan a riƙa aika abin da ya canza kaɗai. A cikin kowane hoto kuma akwai ƙananan bambance-bambancen launi da ido ba ya kamawa. Wani lissafi da Nasir Ahmed, ɗan Indiya mai koyarwa a Amurka, ya buga tare da abokan aikinsa biyu a 1974, shi ya ba da hanyar tsince su a zubar. Ƙa'idar farko, MPEG-1, ta fito a 1993, ta matse fim zuwa wajen bit miliyan ɗaya da rabi a sakan. Duk wanda ya taɓa sayen fim ɗin Hausa a faifan VCD ya riga ya ga aikinta, har da ɗan dishi-dishin da yakan bayyana sa'ad da ake rawa ko gudu, gama a nan kome yana motsi, dabarar bango ba ta da amfani. MPEG-2 ta biyo baya a 1995, ita ce ta faifan DVD da tashoshin tauraron ɗan adam. Duk da haka fim na sa'a biyu, ko an matse shi, zai ci fiye da kwana huɗu kafin ya gama shiga gida ta na'urar nan ta 28,800.

Wajen faɗaɗa hanyar kuwa, da fari an ɗauka ba makawa sai an tone tituna an binne zaren gilashi, wanda haske yake bi ta cikinsa, har ƙofar kowane gida. Kuɗin wannan ya fi ƙarfin kowa. Sai wani masani a ɗakin binciken Bellcore, Joseph Lechleider, ya komo kan tsohuwar wayar jan ƙarfe. Muryar mutum a tarho ba ta cin fiye da kaɗawa 4,000 a sakan, alhali wayar tana iya ɗaukar kaɗawa fiye da miliyan ɗaya in tazarar ba ta yi yawa ba. Ashe shekara ɗari ana tafiya a gefen hanya, tsakiyarta ba kowa. Abin da yake hana amfani da sauran filin shi ne, wayoyin unguwa duka cikin dami ɗaya suke sa'ad da suka kusa ofishin tarho, saƙon wannan yana kutsawa cikin na wancan. Lechleider ya nuna, a ƙarshen shekarun 1980, cewa in aka ba saƙo mai zuwa gida babban rabo, aka bar wa mai fita daga gida ɗan kaɗan, hayaniyar tana raguwa ƙwarai. Wannan kuwa ya dace da kallon fim sarai: mai kallo ba abin da yake aikawa sai a ba shi wancan, a tsaya, a koma baya, fim ɗin kuwa yana kwararowa. Daga wannan rashin daidaito sunan ADSL ya fito. John Cioffi na Jami'ar Stanford ya ƙara tasa dabara. Ya rarraba filin wayar ya zama ƙananan hanyoyi 256, na'ura ta gwada kowace ɗaya, mai tsabta a loda mata kaya da yawa, mai hayaniya a rage mata ko a ƙyale ta. A gasar da Bellcore ya shirya a 1993 na'urar kamfaninsa, Amati, ta ka da sauran, aka ɗauki tsarinsa ya zama ƙa'ida. Da tsohuwar zuma ake magani. Amma jan ƙarfe yana da iyakarsa: saƙon yana raunana da nisa, gidan da ya wuce kilomita biyar daga ofishin tarho da ƙyar yake samun abin kirki.

Tun na'urorin ba su gama nuna ba, kamfanoni suka matsu su san ko mutane za su saya. Gwajin da TCI da AT&T da US West suka yi a wata unguwa kusa da Denver, a farkon shekarun 1990, ya isa a tuna da shi. Mai gida yana danna lambar fim, bayan 'yan mintoci fim ya bayyana, ya ɗauka wata ƙatuwar kwamfuta ce ta amsa masa. Alhali kuwa a wani ɗaki cike da na'urorin bidiyo, ma'aikaci ne yake tashi ya ɗauko kaset daga kanta, ya sa a na'ura, ya danna.

Gwajin da ya fi duka suna shi ne na Orlando, a jihar Filorida. Ran 14 ga Disamba 1994 shugaban Time Warner, Gerald Levin, ya tara 'yan jarida ya nuna musu abin da ya kira Full Service Network. A nan ba ma'aikaci mai gudu da kaset. Finafinan suna ajiye cikin manyan kwamfutocin kamfanin Silicon Graphics, zaren gilashi ya ɗauko su zuwa unguwa, wayar kebul ta ƙarasa da su gida. Mai kallo yana iya tsai da fim, ya mai da shi baya, ya tura shi gaba. Yana iya yin karta da maƙwabcinsa ta akwatin, ya sayi kan sarki daga gidan waya, ya sa a kawo masa abinci. Har na'urar buga takarda aka ajiye wa kowane gida. Kusan duk abin da ake yi yau da waya, mutanen Orlando sun taɓa shi a lokacin, an kuwa kai gidaje 4,000. Abin ya yi aiki. Ciwon yana wajen kuɗi. Akwatin da aka ɗora a kan kowane talabijin kwamfuta ce sosai, wadda ta fi yawancin na ofisoshin zamanin ƙarfi, kowane ɗaya ya ci dubban daloli, mai gida kuwa 'yan daloli yake biya a kan fim ɗaya, ba kuma kullum yake kallo ba. Yaushe za a mai da uwar kuɗi, balle riba? Ban da haka, masu yin finafinai na Hollywood ba su yarda su saki sababbin finafinai ta wannan hanya kafin kantunan haya su gama cin kasuwarsu ba, gama daga can babban kuɗinsu yake fitowa. A 1997 Time Warner ya sanar zai rufe, aka bi gida gida aka kwashe akwatunan.

Kamfanonin tarho ma ba su tsira ba. Bell Atlantic ya gwada tura finafinai ta ADSL zuwa gidaje wajen 1,000 a arewacin jihar Virginia, da sunan Stargazer. A Ingila kamfanin BT ya soma da gidajen ma'aikatansa a Kesgrave a 1994, sa'an nan ya faɗaɗa zuwa Ipswich da Colchester. Duka an gama an naɗe tabarma. Kafin 1997 masu sharhi da yawa sun riga sun yi wa kallo bisa zaɓi jana'iza.

Sai dai yayin da manya suke fama da akwatin talabijin, wani abu yana tsirowa a kan teburin kwamfuta. Manhajar Mosaic ta fito a 1993, Netscape a 1994, mutane suka ruɗe da shafukan intanet, suna kuma ƙorafin jinkirin layin tarho. Aka waiwaya aka ga ashe rashin daidaiton nan na Lechleider ya dace da intanet kamar don shi aka yi: mutum ya danna sau ɗaya, shafi guda ya sauko masa. Abin da aka ƙera domin fim, aka rasa mai saye, sai aka sayar da shi domin intanet, ya kuwa karɓu. A Koriya ta Kudu kamfanin Hanaro ya soma sayar da ADSL a 1999, cikin 'yan shekaru ƙasar ta wuce kowa. Wannan juyi shi ne ya ceci maganar talabijin, gama yanzu mai gida ne da kansa yake biyan kuɗin faffaɗan layin saboda wata bukata dabam. Wanda zai kawo fim daga baya ya tarar an riga an share masa hanya.

Akwai waɗanda suka yi sammako, sammakon bai amfane su ba. Kamfanin tarho na Hongkong ya buɗe iTV a watan Maris na 1998, ya sayar da finafinai bisa zaɓi ga jama'a sosai, ba gwaji ba; aka yi ta hasara har aka rufe a 2002. A shekara ta gaba sabon mai kamfanin, PCCW, ya komo da wani tsari mai sauƙi a kan layin intanet, wannan karon ya zauna. A Ingila kuwa wani gari ne a gabas, Hull, ya riga Landan. Hull ta bambanta da sauran ƙasar tun 1904, sa'ad da majalisar garin ta buɗe nata ofishin tarho ta kuma ƙi sakinsa. Har rumfunan tarho na titi a can masu launin madara ne, ba ja irin na sauran Ingila ba. Da yake layukan garin duka a hannun kamfani ɗaya suke, Kingston Communications ya soma tura tashoshin talabijin da finafinai ta ADSL a 1999. Masu biya ba su wuce 'yan dubbai ba, aka rufe a 2006. A Amurka kuma akwai labari mai ban kunya. A watan Yuli na 2000 kamfanin Enron ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da Blockbuster domin tura finafinai ta layi. Ba ta kai shekara ba ta rushe a watan Maris na 2001, amma Enron ya riga ya rubuta ribar fiye da dala miliyan 100 a littattafansa daga kasuwar da ba ta taɓa kankama ba. A Disamba na shekarar kamfanin ya karye.

Inda abin ya fara kama ƙasa da gaske shi ne Italiya da Faransa. A Milan kamfanin Fastweb ya binne nasa zaren gilashi, ya soma ba da talabijin a 2001. A Faransa kuwa doka ce ta buɗe ƙofa. Ƙungiyar Tarayyar Turai ta zartar, daga farkon 2001, cewa tsofaffin kamfanonin tarho su ba abokan gasarsu hayar wayar jan ƙarfen da ta shiga gidajen mutane. Wani matashi, Xavier Niel, mai kamfanin Free, ya nemi akwati guda da zai haɗa intanet da tarho da talabijin, bai sami mai ƙera shi ba, sai ya sa injiniyoyinsa suka ƙera nasu, suka sa masa suna Freebox. Ya fito da shi a ƙarshen 2002 a kan Yuro 29.99 a wata. A 2003 ya ƙara tarho, a Disamba na shekarar ya ƙara tashoshin talabijin, bai kuwa ƙara ko sisi a kan farashin ba. Darasin Orlando ke nan aka juya: maimakon akwati mai tsada da fatan mutane za su sayi fim, sai akwati mai araha, talabijin kuwa gyara ne a kan cinikin intanet. France Télécom ba shi da zaɓi sai ya bi sahu, ya buɗe nasa a Lyon a watan nan na Disamba. Kafin ƙarshen shekarun 2010 gidajen Faransa masu kallo ta akwatin intanet sun fi masu kallo da eriya yawa. Wajen yawan jama'a kuwa Sin ce ta yi zarra, inda masu irin wannan layi suka haura miliyan 300 a 2020.

Wannan tsari shi ake kira IPTV, ya kamata kuma mai karatu ya gane inda ya rabu da eriya ko kwanon tauraron ɗan adam. A can, tashoshi duka suna sauka a kan rufin gida a lokaci ɗaya, akwati ya zaɓi guda. A nan layin ba zai ɗauki duka ba, saboda haka tashar da ake kallo kaɗai take shigowa. In an canza tasha, akwatin yana aika saƙo zuwa ofishin kamfani, a yanke wannan a sako waccan. Dalilin ɗan jinkirin da akan gani ke nan. In gida dubu a unguwa suna kallon ƙwallo ɗaya, kofi ɗaya ake turowa har kusa da su, sa'an nan a rarraba. Amma fim na zaɓi, kowane mai kallo da nasa kofi, gama wannan yana farko, wancan yana tsakiya. Shi ya sa kallo bisa zaɓi ya fi cin hanya nesa ba kusa ba. Kamfanin kuma yakan keɓe wa talabijin nasa rabo a cikin layin, don kada sauran zirga-zirgar intanet ta tauye shi.

Kamfanonin tarho sun zaci sun kama bakin zaren: layi nasu, akwati nasu, kuɗin wata nasu. Ba su daɗe da wannan zato ba. A 2003 sabuwar ƙa'idar matse hoto, H.264, ta rage nauyin fim da wajen rabi. A 2005 aka buɗe YouTube, a shekara ta gaba Google ya saye shi dala biliyan 1.65. A Janairu na 2007 Netflix, wanda tun 1998 sana'arsa aika faifan DVD ta gidan waya ce, ya soma tura finafinai ta intanet, da guda wajen 1,000 kawai. A ranar Kirsimeti ta shekarar BBC ta buɗe iPlayer ga jama'a. Waɗannan ba su da layi ko taku ɗaya, ba su kuma nemi a keɓe musu rabo ba. Dabararsu ita ce a yayyanka fim gunduwa gunduwa na 'yan sakanni, kowace gunduwa a ajiye ta iri iri, daga mai kyau ƙwarai zuwa mai dishi-dishi. Na'urar mai kallo ta duba ƙarfin layinta, ta ɗauki wadda za ta iya. In layi ya yi rauni hoto ya dusashe, amma ba ya tsayawa. Sa'an nan suka riƙa ajiye kofin finafinan a rumbuna kusa da masu kallo. Daga 2012 Netflix ya soma ba kamfanonin intanet nasa akwatunan ajiya su sa a ofisoshinsu. Blockbuster, wanda aka yi wa tayin sayen Netflix a kan dala miliyan 50 a shekara ta 2000 ya ƙi, ya karye a 2010.

Tun 2005 shugaban kamfanin tarho na SBC, Ed Whitacre, ya yi gunaguni a fili cewa kamfanonin intanet suna so su bi ta bututunsa kyauta, ba kuwa zai yarda ba. A ganinsa kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kukan nasa yana da ɗan tushe, gama a 2015 Netflix kaɗai yana cin fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da yake sauka a layukan Amurka ta Arewa da maraice. Amma ya bar rabin maganar: mai gida ya riga ya biya kuɗin layin, don kuwa ya kalli irin waɗannan abubuwa ne ya biya. An yi ta jan wannan gardama a kotuna da majalisu, a 2014 ma Netflix ya yarda ya biya Comcast domin a haɗa shi kai tsaye. A watan Maris na 2020, sa'ad da annobar korona ta kulle mutane a gida, har majami'u da makarantu suka koma kan layi, sai da kwamishinan Tarayyar Turai Thierry Breton ya roƙi Netflix ya rage nauyin hotonsa. Aka rage kashi 25 cikin ɗari na kwana 30.

Ƙasashen Hausa ba su bi wannan hanya ba, dalili kuwa a fili yake. Talabijin ya zo da wuri, Ibadan a 1959, Kaduna a 1962, Nijar ma ta soma na makarantu a 1964. Amma wayar jan ƙarfen da Lechleider ya farfaɗo da ita ba ta taɓa shiga yawancin gidaje ba. A shekara ta 2000 layukan tarho masu aiki a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, ga mutane fiye da miliyan 100. Babu tsohuwar zumar da za a yi magani da ita. Wayar hannu ta zo a 2001, faɗin hanya kuwa sai da igiyoyin ƙarƙashin teku suka ƙaru: SAT-3 a 2002, Main One na Funke Opeke, mai tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas, a 2010, sa'an nan WACS da ACE a 2012. Nijar da Cadi, da ba su da gaɓar teku, sai ta ƙasar maƙwabta rabonsu yake isowa.

Jason Njoku ya buɗe iROKOtv a Disamba na 2011 domin finafinan Nijeriya, ya kuwa tarar yawancin masu biya a Landan da Amurka suke. Domin masu kallo na gida sai da ya kafa rumfuna a Legas inda mutum zai je a zuba masa fim a waya ba tare da ya ƙone kuɗin data ba, a 2020 kuma ya rage ma'aikata ya mai da hankalinsa ga 'yan ƙasar waje. Netflix ya iso a Janairu na 2016, ranar da ya buɗe a ƙasashe 130 a tashi ɗaya, amma kuɗin wata da kuɗin data, biyu a kan mutum ɗaya, sun yi wa talaka nauyi. Abin da ya karɓu a Kano da Maraɗi da zangon Kumasi shi ne masu turi, waɗanda suke zaune a kasuwa da kwamfuta, a miƙa musu waya ko katin ajiya su zuba finafinai a kan 'yan kuɗi kaɗan. Aikin ma'aikacin nan na Denver ne, sai dai nan mai kallo ne yake yin tattakin. Su da masu satar fasaha suka durƙusar da kasuwar faifai, masu shirya finafinan Hausa kuwa suka koma yin masu dogon zango a YouTube, irin su Izzar So da aka soma a 2020, suna cin abinci daga kuɗin talla, wanda yakan fi tsoka in mai kallon yana zaune a Turai ko Amurka.

Ran 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu, WACS da ACE da Main One da SAT-3, suka lalace a ƙarƙashin teku daura da gaɓar Kwaddebuwa. Daga Laberiya har Nijeriya layuka suka yi rauni, waɗansu bankuna suka kasa aiki, hotuna suka tsaya cik a wayoyin mutane. Sai da aka kira jiragen gyara daga nesa, aka kuma ɗauki makonni kafin a ɗinke igiyoyin duka.